Kwalaye Goma Sha Huɗu na Mai Fenti

A sitonmu na Guangzhou akwai wata doka da ba wanda ya taɓa rubutawa, amma kowa ya san ta: kwalin da babu kaya a cikinsa ba shi da mai shi. In ka gan shi a ninke a jingine da bango, ɗauka ka yi aikinka, in naka sun iso ka mayar. Haka mu 'yan Kano muke yi, haka 'yan Nijar na ɗaya ɓangaren suke yi, leburori 'yan China ma haka suka same mu suka bi. Shekara uku ina bin wannan doka ban ga aibunta ba, sai wata ranar Litinin da na kwashi kwalaye goma sha huɗu na wani bawan Allah na tura su Kano.

Karatu ne ya kai ni ƙasar. Da na gama, bakina ya buɗe da yarensu, sai kawuna, yayan mahaifiyata, mai shago a Kwari, ya ce in zauna in zama idonsa. Aikina shi ne in bi shagunan Canaan da na Sanyuanli in karɓo kayan da aka saya, in tara su a sito can wajen Baiyun, in sun isa kwantena in yi lodi. Ba kayan Kawu kaɗai ba, har da na ƙananan 'yan kasuwa, yawancinsu mata, wata kwali biyar, wata goma, kowa da alamarsa da nake rubutawa da baƙar maka. Ni kuwa mutum ne mai wutar ciki. Tun ina yaro ake ce min ina tafiya kamar an biyo ni, kuma zaman China bai rage min komai ba.

A kusurwar sito ta ƙarshe akwai wani kafinta mai haɗa akwatunan katako na injina. Mutumin ƙasar Peru ne, gajere, kakkaura, furfura ta fara cin gashinsa wanda yake ɗaurewa ta baya da roba. Wani ubangidansa ne ya zo da shi sayen kayan gyaran injina shekaru da yawa kafin zuwana, kasuwancin ya mutu, ubangidan ya koma, shi ya tsaya. Mai Fenti muke ce masa, don ba za ka taɓa ganin yatsunsa babu kala ba. Shi kuma kowa amigo ne a wurinsa, wato aboki. Da yaren China gauraye da Turanci muke magana, nasa duk a karye, amma muna fahimtar juna sarai.

Bai wuce firamare ba, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa zane. Ya ce min a garinsu na bakin teku ya fara, yana rubuta suna da zana kifi a jikin kwale-kwalen masunta, su ba shi abincin rana. Daga nan ya koma jikin motocin haya. Na ce masa mu ma muna da irinsu, masu zana zaki da dawisu a bayan manyan motoci, sai ya riƙe ni da tambaya har na gaji: wane irin fenti suke amfani da shi, wa ke koya musu, suna sa hannu a ƙasan zanen ko ba sa sawa. Ban sani ba, ban ma taɓa tunanin wani zai tambaya ba.

In ya tashi daga aiki sai ya tattara guntayen katakon da suka rage ya shiga sassaƙa, da wata wuƙa da ya wasa da kansa daga karyayyen zarto. Hannaye kawai yake sassaƙawa. Hannun lebura riƙe da igiya, hannun tela da allura, hannun tsoho a kan gwiwa. Kawu ya zo sau ɗaya ya gan su a jere, sai ya ja dardumarsa can nesa kafin ya tayar da sallah. Mu ma in za a faɗi gaskiya kallon mai ɗan taɓi muke masa, irin wanda ba ya cutar da kowa.

Amma babban aikinsa a kwali yake yi. Ba ya yanka kwalin, ba ya shimfiɗa shi. Yakan samo babba mai kauri, ya buɗe shi sama da ƙasa, ya yi zanensa a bango huɗu na ciki. Daga waje ba ka ganin komai sai tambarin masana'anta da tabon tsohon salatif. In kana son ganin zanen sai an rataye kwalin da igiya, ka sunkuya ka shigar da kanka ta ƙasa, ka miƙe, ka juya a hankali. In ya gama kuma sai ya ninke shi kamar yadda ya zo sabo, don kada laima ta taɓa fentin.

Sau ɗaya ya sa na shiga. Na tsinci kaina a wani ƙaramin ɗakin girki. A gabana risho ne da kasko, a damana taga ce ana hango teku da kwale-kwale biyu, a bayana kanta da kwanuka da wani agogon bango. A haguna kuma wata tsohuwa ta ɗan juya baya tana gyaran kifi, kunnenta ɗaya kawai ake gani da gefen kumatunta. Mahaifiyarsa ce. Ta rasu yana China, a lokacin fasfonsa yana ofis ana sabunta masa izinin zama, bai samu zuwa ba. Ba shi da hoton ɗakin, gidan ma an rushe shi, daga kansa ya fito da shi cikin hunturu guda. Na tambaye shi me ya sa bai zana fuskarta ba. Ya ce ya gwada, ta ƙi zuwa. Na ce Allah sarki, ya yi kyau, wayata ta yi ƙara na fice.

Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki ba wanda ya kula shi. Sai wata rana wata mata 'yar China, mai ɗakin nuna zane-zane a wata tsohuwar masana'anta, ta zo sito neman akwatin katako. Ta ga hannayen, ta shiga kwali ɗaya, ta daɗe ba ta fito ba. Ta ce ta ba shi babban ɗakinta na sati uku, ya zaɓi kwalaye goma sha huɗu da suka fi kwanta masa. Wata ranar Asabar ya zo ya tsaya a kaina ina amsa saƙonnin waya, yana murza hannu, ya ce zai sauko da su daga ɗakinsa na sama ya jingine su kusa da ƙofa, motar matar za ta zo ɗauka ranar Talata da safe, a buɗe taro ranar Juma'a. Na ce to, to, ban ko ɗago ba. Maganar nan na ji ta da kunnena, ba zan ce ban ji ba.

Lokacin laimar nan ne ta Guangzhou, da bango ke gumi, ƙasa ta yi santsi, wanki ya kwana uku a igiya bai bushe ba. Lodin kayan Sallah muke yi, rigunan yara ne zalla, kuma jirgin da za mu kama shi ne na ƙarshe da ake sa ran kayansa za su isa Kano kafin azumi ya yi nisa. Ranar Litinin muna fara ɗaga kaya muka tarar layin ƙasa duk ya sha ruwa, kana ɗaga kwali gindinsa yana zubewa. Na kira mai kawo mana kwali, ya ce meyo, wato babu, sai gobe. Direban kwantena yana waje yana danna hon. Kawu yana kan waya daga Kano yana tambaya ko an rufe. Mai Fenti kuma ba ya nan, ya tafi ɗakin nuna zanen don auna igiyoyin rataya.

Na waiga na ga kwalaye a ninke, a ɗaure, a jingine kusa da ƙofa, masu kauri, kamar ni aka aiko wa su. Na ce a kwance. Wani dattijo cikin leburorin, mai haƙorin azurfa, ya buɗe na farko ya tsaya.

“Lawban, duba,” in ji shi. Lawban shi ne maigida a yarensu.

Waya tana kunnena, na yi masa nuni da hannu ya yi sauri. Ya sake cewa in duba. Na daka masa tsawa. Ya ɗaga kafaɗa, ya ja salatif, ya zura leda, aka shiga zuba riguna. Ni da hannuna na rubuta alama a kan kowane ɗaya. Kafin la'asar an rufe kwantena an buga mata sil, wato hatimi, mota ta kama hanyar tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Na yi alwala na yi sallah ina jin na iya aiki.

Washegari da safe ina shan shayi a bakin sito na ji muryarsa. Da farko tambaya yake yi a hankali, daga wannan ya koma wancan. Sannan na ji yana jan katakai yana watsarwa. Na leƙa na gan shi tsaye kusa da ƙofa, igiyar da aka kwance tana yashe a gabansa. Maganar Asabar ta dawo min tiryan-tiryan, har da yadda yake murza hannu.

Ya zo wurina ya ce, “Amigo, ka ga kwalayena? A nan na ajiye su, goma sha huɗu, a ɗaure.”

Leburorin lodi ba sa zuwa sai ranar lodi, don haka babu wanda zai ƙaryata ni. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Ka duba sama?”

Ɗaukar kwalayen kuskure ne, na yarda, amma wannan tambaya ba kuskure ba ce. Ita ce har yau in na tuna nake jin kamar in nutse.

Akwai wata tsohuwa mai keke mai ƙafa uku da ke zuwa kullum da sassafe tana kwashe yagaggun kwalaye ta kai inda ake awo. Wani ɗan Nijar, da zuciya ɗaya, ya ce ai ya gan ta ɗazu kekenta cike. Daidai lokacin motar mai ɗakin nuna zanen ta shigo ta tsaya. Mai Fenti ya ce wa direban ya jira, ya kamo hannuna.

“Zo mu je, kai ka fi ni yare.”

Na bi shi. Tafiyar ba ta da nisa, amma ban taɓa yin mai tsawonta ba. Lungu ne matsattse, ruwa yana ɗiga daga wayoyin lantarki, shi yana gaba yana sauri yana magana. Ya ce a wurin awon suna watsa wa kwali ruwa kafin su sa a injin matsewa, in an riga an watsa shi ke nan. Ni ina baya ina ce wa kaina in mun kai kwanar can zan faɗa, muka kai kwanar na ce sai ta gaba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, duk sanda ya waigo sai in ga kamar ya karanta a fuskata.

Muka tarar da tsohuwar tana sauke kaya a gindin wani tudun kwalaye, 'yar ƙarama, da malfa a kanta. Mai Fenti ya hau kan keken ya shiga tsinke ɗaurin yana buɗe kwalayen ɗaya-ɗaya yana jefarwa. Mai wurin ya fito yana faɗa. Da Mai Fenti bai ga komai ba sai ya juyo gare ni, idonsa ya kaɗa.

“Tambaye ta inda ta kai su. Ka ce mata in ta faɗi gaskiya ba zan kira 'yan sanda ba.”

Ba sai na fassara ba, ta tsinci kalmar 'yan sanda a bakinsa. Ta shiga rantsuwa cewa yagaggu kawai take ɗauka, tun da take zuwa sitonmu ko ƙusa ba ta taɓa ɗauka ba a ba ta ba. Ni take kallo tana faɗa, don ni ta sani, ni nake tara mata robobin ruwa. Sa'ar kakata ce. Ta cire malfar ta riƙe a ƙirji tana jiran in yi mata shaida.

“Ba ita ba ce,” na ce. “Ni ne.”

“Kai ne me?”

“Suna cikin kwantena. Jiya namu suka jiƙe, na ga waɗannan na ɗauka.”

Ya sauko daga kan keken a hankali. “Na faɗa maka ranar Asabar.”

“Ka faɗa.”

“Kuma ka biyo ni har nan.”

Na so a ce ya zage ni ko ya kai min duka, da na samu abin riƙewa. Bai yi ba. Ya durƙusa ya shiga tattara wa tsohuwar kwalayenta da ya watsar, yana ɗaurewa yadda ta ɗaure su, yana ba ta haƙuri da karyayyen yarensa. Na sunkuya zan taya shi, ya janye kwalin daga gabana.

Daga nan muka ɗauki tasi zuwa Huangpu. Ejen ɗinmu da ke mana takardun jirgi yana da ofis a bene kusa da tashar. Ya saurare ni, ya duba kwamfuta, ya ce kwantena ta riga ta shiga cikin tasha, takardunta suna hannun kwastan. Ana iya janye ta, in na sa hannu kafin sha biyun ranar gobe. Amma in an janye ta fita daga wannan jirgi, a buɗe ta, a sake duba ta, ta koma bayan layi, kuma ba ya ganin gurbi kafin sati uku, in ma an samu. Ya turo min takarda da biro. Mai Fenti yana tsaye a bayana, ina jin numfashinsa. Ya matsa bakin taga ya kalli kwantenonin da aka jibge iya ganin ido, ya tambayi wacce ce tamu. Ejen ya yi dariya, da ya ga fuskarsa ya bari.

Na fita baranda na kira Kawu, a Kano lokacin an idar da sallar asuba. Na gaishe shi na faɗa masa komai, ban rage ba.

“Kwali ka ce?”

“Eh, Kawu.”

“Ba kayan ciki ba, kwalin kansa?”

“Zane ne a ciki, Kawu. Aikin shekara goma sha ɗaya, kuma ranar Juma'a za a nuna wa jama'a.”

Ya ce, “Ni nawa mai sauƙi ne, ina da wani abin sayarwa. Amma ka san Hajiya ta Fagge mai kwali bakwai, marayu take riƙo. Ka san sauran matan nan, shekararsu duka a kan Sallar nan take. Rigar Sallah bayan Sallah tsumma ce, ɗan nan. Kai ka ɓata, kai ke riƙe da biro. In ka sa hannu, kai za ka kira su ɗaya bayan ɗaya ka faɗa musu da bakinka, ni ba zan faɗa ba.”

Gaba kura, baya sayaki. Na ninke takardar na sa a aljihu na ce wa ejen sai da safe. A hanyar dawowa Mai Fenti ya tambaye ni sau ɗaya me kawuna ya ce. Na ce ya bar min. Ya ce to ai shi ke nan, ya jingina kansa da gilashi, na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ɗauka an gama, zan sa hannu. Ban yi barcin kirki ba ranar.

Laraba da safe na same shi a kan bencinsa, igiyoyi goma sha huɗu da ya yanka don rataya suna gefensa, ya sa takalmi yana jirana mu tafi. Na tsaya a gabansa.

“Ba zan sa hannu ba,” na ce. Na faɗa masa zancen matan, da marayun, da abin da Sallah take nufi a wurin mai sayar da rigar yara. Na ce na yi masa alkawari zan bi kwalayen har Kano in dawo masa da su.

“Juma'a ne taron.”

“Na sani.”

“Shekarata hamsin da uku. Sau nawa kake tsammani wata za ta shigo nan neman akwati ta shiga kwalina?”

Na kalli igiyoyin da ke gefensa.

“Da ka leƙa kawai,” in ji shi. “Leƙawa kawai.” Ya sunkuya ya kwance takalminsa ya tura ƙarƙashin benci. “To, lawban. Na ji.”

Tun da na san shi bai taɓa kirana lawban ba. Sha biyu ta buga ina zaune a bakin sito, takardar tana aljihuna. Har yanzu ina ganin abin da na zaɓa shi ne daidai, kuma hakan bai taɓa rage min nauyinsa ba.

Mai ɗakin nuna zanen ta ba wani babban ɗakin, shi ta ba shi baranda ta sati ɗaya ya jera hannayensa. Na je bayan sallar Juma'a na tsaya daga bakin ƙofa. Hannayen suna kan dogon tebur, mutane suna wuce su suna shiga ciki. Yana tsaye a gefe cikin sabuwar farar riga, layin ninkin shago bai ma fita daga jikinta ba. Ya gan ni ya kau da kai, na juya na tafi.

Ban yi niyyar zuwa gida a shekarar ba, amma da kwantena ta kusa isa na hau jirgin sama daga Baiyun. A Kano ma akwai tamu dokar kwali, kuma ta fi ta Guangzhou zafi: ana zazzage kaya masu sayen kwali suna tsaye a ƙofa, kafin yamma ya zama shimfiɗar mai tumatir ko silin ɗakin wani. Na riga na buga wa kowa waya na ce a ajiye min kwali, amma ka san yadda wannan magana take a kunnen mai jiran kayan Sallah. Wata ma tambayata ta yi ko lafiya nake. Na san dai alamomin mutum biyar ne a kan kwalayen, don haka na bi su shago-shago, gida-gida, da azumi a bakina.

Shida na samu a wurin Kawu, wanda ya ware su da kansa. Biyu na ƙwato a hannun mai sayen kwali ya riga ya ɗora su a baro. Uku suna wurin Hajiya ta Fagge. Ta ce ta sunkuya ne za ta ɗauko rigunan ƙarshe, ledar ta zame, sai ta ga wasu mutane suna jan taru a bakin ruwa. Ta yi a'uziyya ta ja da baya, sannan ta sake leƙawa, sannan ta kira maƙwabta.

“Ko ba ka bugo ba, ɗana, ba zan sayar ba,” in ji ta. “Na ga aikin hannu ne.”

Sauran ukun wani ne ya sayar da su a rufe, da kayansu, ga wani ɗan kasuwa mai bin kasuwannin ƙauye. Na nemo lambarsa, ya ce ya rarraba kayan, kwali kuma wa ke riƙe zancen kwali. Na bi shi har wata tashar mota a hanyar Haɗeja, na tambayi mai shayi, na tambayi masu lodi, a nan sawun ya ɓace. Na dawo na buɗe sha ɗayan da ke hannuna ɗaya bayan ɗaya, ko da na san abin da zan gani. Ɗakin girkin ba ya ciki.

Bayan Sallah na naɗe su cikin leda da bargo na koma da su. Ya karɓa bai yi godiya ba, ni ma ban sa rai ba. Ya ɗauko igiyoyin nan, ashe bai yar da su ba, ya rataye kowanne ya shiga ya fito. Salatif ya ɗaye fenti a bakin wasu, ɗaya ya sha manja a gefe, duk suna ƙanshin sababbin riguna, ga rubutuna baƙi ƙirin a bayan kowanne. Da ya fito daga na ƙarshe ya tsaya yana kallon igiyoyi ukun da suka rage.

“Ita fa?”

Na ba shi labarin ɗan kasuwar da tashar motar. Ya zauna a kan benci.

“Inda aka kai ta, akwai teku?”

“Babu.”

“Ana girmama tsofaffi a can?”

“Ana girmama su.”

Ya kalli ƙasa ya ce, “To.”

Bayan shekara biyu ya samu wani ɗaki, bai kai na farko girma ba, ya nuna sha ɗayan. Bai goge rubutuna ba, bai gyara inda salatif ya ci ba. Mutane sun zo, na ga suna layi suna sunkuyawa suna shiga. Daga baya ya bar sitonmu ya kama wurin kansa, rabin sati yana haɗa akwatuna, rabi yana zane da sassaƙa, kuma na ji an fara nemansa daga wasu garuruwa. Muna gaisawa in mun haɗu, amma amigo bai sake dawowa ba. Haɗuwarmu ta ƙarshe kafin in bar China na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko ya sake zana ɗakin girkin. Ya ce ya gwada sau uku. Risho ya zo, taga ta zo, agogo ya zo, amma a wannan karon ko kunnen ya ƙi zuwa.

Yanzu na dawo Kano, ina shagon Kawu. Ba na iya wuce babban kwali mai kauri ban tsaya ba, ko a ƙarƙashin tumatir yake, ko an kare rana da shi a bakin titi. Nakan yi sallama in roƙi mai shi ya bari in duba cikinsa. Yawanci sukan zaci wani abu na yar. Nakan ce musu a'a, wata tsohuwa nake nema, sai su yi dariya su miƙo min.